Tuta Biyu a Shagon Baba

A shagon mahaifina da ke Hausari, cikin Yerwa, kekunan ɗinki biyu ne. Akwai ƙaramin keken hannu wanda ni da ɗan baffana muke karɓa-karɓa a kansa. Akwai kuma keken ƙafa, baƙi mai zanen ruwan zinariya, wanda Baba ya ɗauko daga Kano a bayan babbar mota tun ina goye. Wannan keken ba mai hawansa sai Baba. Ko mai za a ɗiga masa, shi ke ɗigawa da hannunsa. Duk layin teloli kuma an san ƙa'ida: ran da maigida ya tashi daga kan kekensa ya ce wa yaro "hau", to ya nuna magajinsa ke nan, masu kawo ɗinki ma daga ranar sun san hannun da za su bi.

Ban taɓa shakkar cewa ni ne ba. Ni ne ɗan fari, kuma hannuna ya faɗa tun da wuri. Ɗan baffan nawa maraya ne, an kawo shi daga Kano bayan rasuwar ubansa, na girme shi kaɗan. Siriri ne, shiru-shiru, in ya ja layin ɗinki sai ka ga ya ɗan karkata kamar hanyar shanu. Baba ya raba mana aiki tun muna ƙanana: duk wani fari, da baƙi, da shuɗin rini, nawa ne. Manyan riguna na attajiran bandar kifi masu zuwa daga Baga, da kaftanin malamai, da jamfar ma'aikatan En'e, duk ta hannuna suke bi. Shi kuwa an bar masa atamfar mata da rigunan sallar yara, ja da rawaya da sauran tarkacen launi. Ni a ganina an ba ni nama an ba shi romo, kuma ban ɓoye masa wannan ra'ayi nawa ba.

Baba ba ya kiran sunana, saboda kunyar ɗan fari. "Kai" ne, ko "wancan". Yabo kuwa ban taɓa ji daga bakinsa ba. In riga ta yi masa, sai ya juya cikinta, ya bi kalmasar da babban yatsa tun daga wuya har ƙasa, ya rataye ta bai ce uffan ba. Wannan shirun shi ne ladana, kuma ya ishe ni, don na san ɗan baffana ba ya samunsa. Shi kullum sai an ce ya farke ya sake.

A ƙarshen daminar shekarar samun 'yancin kai, hedimastan makarantar unguwarmu ya shigo shagon da jarida a hammata. Babarbare ne mai fara'a, mai son bayani ko ba a tambaye shi ba. Ya yi wa Baba "wushe, wushe", suka gaisa rabi da Barbarci rabi da Hausa, sannan ya shimfiɗa jaridar a kan teburin yanka. Ya ce za a raba wa yara ƙananan tutoci su riƙe a hannu, amma shi babba yake so, wadda za a ɗaga a dogon ƙarfen da ke tsakiyar filin makaranta ran da za a sauke ta Turawa.

Muka sunkuya muna kallon hoton. A jarida dai toka-toka ne, fari, toka-toka, kowa abin da ya gani ke nan. Hedimasta ya ce kore ne, fari, kore, kuma a tsaye suke, ba a kwance ba. Tsawonta ninkin faɗinta ne, kashi uku daidai wa daida. Ya ce bara aka yi gasa, mutane da yawa suka aika da zanensu, wani ɗalibi ɗan ƙasar nan da ke karatu a Ingila ya ci. A zanensa na asali ma har da jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta.

"Koren nan gonakinmu ne da albarkar ƙasa," in ji shi, yana buga yatsa a kan takardar. "Farin kuma zaman lafiya. Ba giciye, ba kambin sarauniya, ba tauraron nan na jikin kobo."

Da ya ambaci tauraro sai na tuna hoton tsohuwar tutar mulkin mallaka da ke manne a bangon ajinmu lokacin da nake elemantare. Malaminmu ya ce akwai koren tauraro a cikin jan da'ira, irin na kobo mai huji. Daga bencina na ce ni da'ira kawai nake gani, na sha ranƙwashi a kan taurin kai. Na yi dariya a raina, na koma kan jaridar, ina riga ina auna yadda zan ninka kalmasar bakin tutar don kada iska ta yage ta.

Baba ya ce to, an gama. Ya juya ya dubi ɗan baffana ya kira sunansa.

"Gobe ka je Kasuwar Litinin ka zaɓo koren. Ka duba shi a rana, kada ka duba a cikin rumfa. In ka dawo ka yanka, ka hau nan ka ɗinka."

Da ya ce "nan", hannunsa a kan keken ƙafa yake.

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a baya. Allurar da ke hannuna ta shige mini yatsa ban ma ji ba, sai da na ga jini a kan farar rigar wani alhaji. Ɗan baffana ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Baba, ai Yaya ya fi ni hannu." Baba ya ce, "Na tambaye ka?" Maganar ta mutu a nan.

Kishi ne ya kama ni, tsagwaronsa, ba wani suna da zan ba shi. Na yi kishin yadda ɗan baffana ya naɗe ƙafar wandonsa kafin ya taka keken. Na yi kishin ƙarar keken, don a ƙarƙashin ƙafarsa ma daɗinta bai ragu ba, ni kuwa so nake ta yi gargada kowa ya ji. Labari ya bazu a layi, maƙwabta suka riƙa leƙowa. Mai shayin bakin hanya ya laƙaba masa "telan gwamnati". Yarinyar da ke kawo mana ɗanwake, wadda kullum ni take fara miƙa wa kwano, ta tsaya a kansa tana tambaya wai da gaske ne wannan ƙyallen har mai martaba Shehu zai gani. Ya ce bai sani ba, yana sunkuyar da kai. Wannan sunkuyar da kan ta fi komai ƙona mini rai, don da ya yi fankama da na sami abin kamawa.

Na kai ƙara wurin Kaka, mahaifiyar Innata. Babarbariya ce gaba da baya, gidanta na bayan namu, kuma ita kaɗai ce a duniya ke kiran sunana gatsal, in ta ga dama kuma ta ce "mijina". Baba ma har ya yi furfura "Afunon nan" take ce masa, wato Bahaushen nan. Na same ta tana gyaran kuɓewa, na zazzage mata komai: maraya ya zo ya ƙwace mini gado, uba ya fifita ɗan ƙaninsa a kan ɗan cikinsa.

"Mijina," ta ce, "kai da ba ka da kishiya, wannan kumburin na mene ne? Bar masa koren. Kai farinka ya ishe ka."

"Kaka, ba kore ba ne damuwata, keken ne."

"To keken gudu zai yi? Afunon nan ya san abin da yake yi."

Na tashi a fusace, na ce dama tsofaffi bakinsu ɗaya.

Washegari na tsinci ɗan ƙyallen koren da ya faɗi ƙarƙashin teburin yanka, na dunƙule shi a hannu, na nufi kasuwa. Niyyata ɗaya ce: in ɗinka tawa tutar, in ajiye ta kusa da tasa, Baba ya juya cikinsu ya bi da yatsa, gani ya kori ji. A sana'armu tela ba ya tambayar mai kanti launi. Abin kunya ne. Kai ke zuwa da ƙyallenka, ka gwada da idonka, ka nuna bandir ka ce a yanka. Ni kuma ga ƙarin dalili, ba na so a san me zan ɗinka, don kasuwar nan magana ba ta kwana. Na bi rumfuna ina buɗe tafin hannu a ɓoye ina rufewa, har na kai ga wani bandir da ya yi daidai da ƙyallena. Na fito da bakinsa rana kamar yadda Baba ya ce, na sake dubawa. Ko uwarsu ɗaya sai haka. Mai kantin ya tambaye ni ko wandon 'yan doka zan ɗinka, na ce masa ya yanka kawai, ba hira na zo ba.

A ɗakin Kaka na yi aikin, da keken hannu, a lokutan da Baba ke tafiya masallaci da cin abinci. Da ta ga yadin ta buɗe baki za ta yi magana, na ce in ta faɗa wa kowa na sake ta saki uku. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce, "Ni dai da za ka ji tawa, da ka fara nuna wa Afunon nan kai da shi, ba a gaban mutane ba." Na ɗauka tsoron fushin Baba take yi mini.

Ban taɓa yin ɗinki irin wannan ba. Na haɗa kashi ukun da ɗinki biyu-biyu, na kwantar da haɗin yadda ko ta ciki ko ta waje ba ka ganin bakin yadi. Bakin da iska za ta riƙa kaɗawa na ninka shi na sake ninkawa. Na yi wa igiya hanya da farin zawwati mai kauri. Da na ɗaga ta a tsakar gidan Kaka, na ce a raina yau za a san wane ne tela a gidan nan.

Da hantsi ranar da hedimasta ya zo karɓar aikinsa, ɗan baffana ya shimfiɗa tasa a kan teburin yanka. Hedimasta na cikin sa albarka na zaro tawa daga ƙarƙashin riga, na warware ta a gefen tasa, na ja da baya na harɗe hannu.

"Baba, a duba ɗinkin duka biyun," na ce. "Wadda ta fi, ita za a ɗaga."

Ni ina kallon tuta biyu iri ɗaya sak, ɗaya da layi a karkace, ɗaya kamar an ja da zare. Hedimasta ya gyara tabarau, ya dubi tawa, ya dube ni, dariya ta kuɓuce masa.

"Ɗan samari, wannan kuma ta wace ƙasa ce?"

Na ce ban gane ba. Ɗan baffana ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, gwaji ne. Yaya ya gwada irin kalmasar da za ta jure iska a kan wani yadi daban." Yana faɗa yana ƙoƙarin rufe tawa da hannun rigarsa.

"Wane yadi daban?" na daka masa tsawa. "Ba ga shi nan iri ɗaya da naka ba?"

Hedimasta ya daina dariya. Baba ya tashi, ya ɗauki tutata, ya ninke ta a hankali kamar yadda yake ninke rigar babban mutum, ya miƙo mini ba tare da ya dubi fuskata ba.

"Kai," ya ce, "je ka wurin kakarka."

Na same ta zaune a bakin ƙofa kamar dama jirana take. Ta karɓi tutar ta shimfiɗa a cinya.

"Mijina, wannan ruwan ƙasa ne. Ja-ja ne ma, kamar makuba. Da shi da kore ko a mafarki ba su haɗu ba."

Na ce ƙarya ne, sun haɗa baki. Ta ciro ganyen dalbejiya daga reshen da ya sauko kan katanga, ta ɗora a kan yadin, ta ce in faɗa mata bambancinsu. Na duba, na sake dubawa. Ganyen ya ɗan fi haske, shi ke nan.

Sai ta ba ni labarin da kowa a gidanmu ya sani ban da ni. Mijinta na gaske, kakana, mai ɗinkin hula ne, kuma haka idonsa yake. Ja da kore da ruwan ƙasa duk ɗaya ne a wurinsa. Tun tana amarya ta gane, ran da ya yaba mata wani zane da launin da ba shi ne ba. Daga nan kullum da safe ita ke jera masa zare a kan faifai, kowane launi da gurbinsa, shi kuma ya haddace gurbin. Har ya koma ga Allah manyan gari na sa hularsa, ba wanda ya sani. Ni kuma tun ina yaro aka gane, don in aka aike ni tsinko tumatir a bayan gida sai in haɗo da ɗanye da nunanne in ce duk sun nuna.

"Uwarka ta yi kuka," in ji Kaka. "Afunon nan ya ce ba komai, tela ba ya rasa farin yadi. Shi ya sa ya ba ka fari da baƙi da shuɗi, waɗanda idonka ba ya ɓata. Ya hana kowa faɗa maka, wai kada zuciyarka ta karye ka bar sana'a. Shi kuma ka san bakinsa ba zai iya ba."

"Shi ma ya sani?" Ɗan baffana nake nufi.

"Wa kake tsammani ke ɗauke zaren launi daga gabanka kullum kafin ka zauna?"

Na so in ji kunya, ko in ji tausayin Baba, ko godiya. Daga baya duk sun zo. Amma abin da ya fara zuwa a ranar kishi ne sabo, wanda ya fi na da ciwo. Da ina kishin keke ne, abin da za a iya ba ni a kuma iya hana ni. Yanzu na gane yaron nan da nake raina wa layi yana tafe a cikin garin nan yana ganin abin da ban taɓa gani ba, kullum, kyauta, kuma yana tausaya mini a kai.

Da la'asar na koma shago don ba ni da wurin zuwa. Tutar ɗan baffana na nan a kan tebur, ashe Baba ya ce wa hedimasta ya dawo gobe. Na tarar ya farke haɗin duka, kashi ukun suna ajiye daban-daban. Baba ya tashi daga kan keken ƙafa, ya kakkaɓe matashin da yake zama a kai.

"Kai. Hau. Irin ɗinkin da ka yi wa waccan za ka yi wa wannan. Nasa ba zai kai sati a iska ba."

Na hau. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan, ga shi ya zo. Ɗan baffana ya tsaya a gefe ya zaɓo zare ya zura mini a allura. Da na gama Baba ya juya cikinta, ya bi kalmasar da babban yatsa daga wannan baki zuwa wancan, ya ninke.

Ranar bikin da safe filin makaranta ya cika. Yara sun yi layi da 'yan tutocinsu, iyaye sun tsaya a inuwar dalbejiya, ga masu kakaki ga 'yan kallo a kan katanga. An yi ruwa kwana kaɗan kafin nan, gari ya yi luf. Hedimasta ya yi dogon jawabi da Barbarci, ya maimaita da Hausa, ya sake kawo zancen gonaki da zaman lafiya. Aka sauke ta Turawa aka ninke, aka ɗaura tamu, wani ɗalibi ya ja igiya. Ta hau tana lilo, da ta kai ƙoli iska ta buɗe ta gaba ɗaya, mata suka rangaɗa guɗa.

Na kasa kunne ina jin abin da mutane ke cewa. "Kai, dubi koren nan!" "Wa ya zaɓo wannan yadi? Ya san kore." Mai shayi ya ɗaga hannun ɗan baffana sama yana kiran telan gwamnati. Iska ta yi ta fizgar bakin tutar, kalmasata ta riƙe gam, ko zare ɗaya bai tashi ba. Amma wa zai ɗaga kai daga ƙasa ya yabi kalmasa?

Keken dai ni na gaje shi, da masu kawo ɗinkin duka, kamar yadda ƙa'idar layi ta ce. Ɗan baffana ya zauna tare da ni shekaru yana jera mini zare a bakin taga kowace safiya, kafin ya buɗe nasa shagon a hanyar Baga. Tawa tutar kuwa Kaka ta yi labulen ƙofa da ita har ƙarshen ranta. In baƙo ya tambaya sai ta ce ta ƙasar mazajenta biyu ce, su kaɗai ne mutanen cikinta.

Amma a filin nan, da jama'a suka fara watsewa, na ja ɗan baffana gefe. Ban taɓa roƙonsa komai ba sai ranar.

"Faɗa mini gaskiya. Yaya yake?"

Ya gane abin da nake nufi. Ya ɗaga kai ya dubi tutar.

"Yaya, ka ga ganyen dalbejiyar can da ruwa ya wanke? To kamarsa ne, sai dai ya fi shi cika. In ka kalle shi sai ka ji sanyi a ido."

Na dubi dalbejiyar. Na dubi tutar. Na dubi katangar ƙasa da ke bayansu, wadda yara suka hau. Na ce masa to, na gane. Ya yi murmushi, ya ji daɗi ya taimake ni, muka kama hanyar shago yana gaba ina binsa, ina kallon ƙeyarsa.